Amanar Hortensia

Hortensia ce ta zo da irin, cikin ambulan,
ƙanana, marasa nauyi, kamar ɓawon riɗi,
daga tsaunukan Chile inda aka yanke mata cibi
zuwa ƙauyenmu na bakin teku a Ireland,
inda ruwan sama bai san wata damina ba, kullum ranarsa ce.

Ta ce sunanta chagual, dangin abarba,
amma kada ka wanke baki, ba abin sha a jikinta.
Na ce, to ina amfaninta?
Ta ce, Fiachra, riƙe min shebur.

Ta kwashe baƙar ƙasar gindin katanga,
ƙasar da kabeji zai yi sallah a kanta,
ta cika ramin da tsakuwa, da yashi, da fasassun tukwane.
Wannan, in ji ta, da wahala ta saba.
Ka ba ta taki ta lalace,
ka cika mata ruwa ƙoshi ya kashe ta.

Shekara ta tara, gwiwar Hortensia ta gaji da sanyinmu.
Ta koma gida wurin ɗiyarta.
Ta bar mini makulli, da safar hannu ta fata,
da doguwar awartakin murhu don cire ciyawa.

Ban san na karɓi amanar zarto ɗari ba.
Kowane ganye da haƙoransa, sun lanƙwashe suna duban ciki:
shigar hannu kyauta,
fitarsa sai an biya da jini.
An ce a can ƙasarsu har tunkiya takan maƙale.
Ban gani ba.
Na dai san ƙwallon jikan Gobnait yana ciki, shekara uku ke nan,
kuma ba wanda ya ce a ciro.

Kowace Nuwamba in ɗora mata tsohuwar tagar gilashi
a kan tubali huɗu,
don kada ruwa ya kwana a cibiyarta.
Wani dare guguwa ta ɗauke tagar.
Ƙarfe uku na fita da tocila da rigar barci,
ina zagin ta, ina rufe ta da tamfol ɗin jirgina.
Tukuicina tabon nan ne, daga wuyan hannu zuwa gwiwa.

Shekara ta goma sha huɗu, cikin Mayu,
wani kara ya ɓullo daga tsakiyar ƙaya.
Kullum da safe in auna shi da sandata
har ya wuce sandar,
ya wuce ni,
ya leƙa titi ta kan katanga.

Sannan ya buɗe.
Launin da ban taɓa gani a jikin tsiro ba,
shuɗi ne, kore ne, kamar kan agwagwar ruwa a hasken rana,
da ɗigon ruwan lemo a maƙogwaron kowane fure.
Tsuntsaye suka yi ta zuwa shan zaƙi
suna tashi da goshi mai launin wuta.
Mai kai wasiƙa ya tsai da motarsa, ya manta bai kashe ta ba.

Na kira Hortensia, na ɗaga wayar sama don ta gani.
Ta yi dariya har da tari.
Ta ce ga su nan birjik a gefen hanyarmu,
ba mai ko waiwayarsu.
Sai ta yi shiru.
Ta ce, ƙirga min furannin. A hankali.

Na kai ɗari da wani abu, ta tare ni:
kan da ya yi fure ba ya ƙarawa, Fiachra, bushewa zai yi.
Durƙusa ka duba ƙarƙashinsa.

Na durƙusa, gwiwa tana ƙara.
'Ya'ya bakwai, kowanne kamar tafin hannu,
haƙoransu har sun fito.

Shekarata saba'in da uku.
Na yi lissafin, bai yi mini daɗi ba.
Ranar Asabar dai na shiga gari
na sayo sabuwar safar hannu,
da buhun tsakuwa biyu.